Abin Da Ya Hana Ni Ganin Likita Bayan Na Ajiye Kaki

In aka ce tsohon soja, abin da ke zuwa ran mutane shi ne dattijo mai furfura da lambobi a ƙirji, irin 'yan mazan jiyan da ake jerawa a fareti duk ranar 15 ga Janairu. To ni ma tsohon soja ne, kuma shekaruna 30 ne da 'yan kai. Irina muna da yawa a Jos. Wani yana jan keke, wani yana gadin kamfani, wani yana ɗakin gidan ubansa ba ya fitowa sai dare ya yi. Mukan gane juna ko ba a gabatar da mu ba. Daga inda mutum ya zaɓa ya zauna a teburin mai shayi za ka san shi: bayansa a jikin bango, idonsa a bakin hanya.

Haifaffen Gangare ne ni. Ina ɗan shekara 10 aka yi rikicin 7 ga Satumban 2001, ina sakandare aka yi na 2008, aka sake yin na 2010. Ke nan ba a Borno na fara jin ƙarar bindiga ba. In ma za a bi ta gaskiya, abin da ya ja ni soja ke nan. Duk lokacin da gari ya rikice, da motocin sojoji sun shigo daga barikin Rukuba sai ka ga kowa ya shiga taitayinsa. Na ce ni ma so nake in zama wanda in ya iso ake daina gudu. Ga kuma zaman banza da ya ishe ni. A 2012 na samu shiga Defo, makarantar horar da kuratan soja, a Zariya. Inna ta yi kuka, ta ce soja marmari ne daga nesa, Baba kuwa ya ce Allah ya tsare, bai ƙara komai ba.

Abu na farko da ake cirewa daga bakin kurtu shi ne "ba zan iya ba". Tsakaninmu ma, wanda ya cika zuwa layin marasa lafiya kallon rago muke masa, sai fa in jini muka gani ko zazzaɓi ya kayar da shi. Ban ga laifin wannan tarbiyya ba, don ba a yaƙi da mai raki. Sai dai ita ba ta san ranar sallama ba, tana bin mutum har gida.

Ƙarshen 2014 aka tura mu Arewa maso Gabas, lokacin Gwoza da Bama suna hannun Boko Haram. Ina can aka ƙwato su, ina can aka sa wa aikin suna Lafiya Dole a 2015, ina can har abin ya koma yankin Tafkin Chadi. Fas, wato izinin zuwa gida, nakan samu jefi-jefi, a ɗaya daga ciki ma aka ɗaura min aure. Da wasu sojoji suka yi bore a filin jirgin Maiduguri a Agustan 2018 saboda sun daɗe a fagen daga ba a canje su ba, ba na cikinsu, amma babu wanda ya buƙaci yi min bayanin abin da ya kai su. A Nuwamban shekarar aka kai harin Metele, kuma akwai waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su a Zariya cikin waɗanda ba su dawo ba.

Daji ya koya min karatunsa. Ba a barci duka, rabi ake yi. Sabuwar ƙasa da aka tona a kan hanya ba a taka ta. Ƙauyen da ka shiga ba kukan kaza ba na yaro, ka shirya. Ƙarar babura da yawa cikin dare, su ne. Wanda ya riƙe waɗannan yakan dawo. Da yawa daga waɗanda suka saki jiki mun binne su, wasu ma ba mu samu abin binnewa ba. Duk abin da likita ta zo ta kira alamomin ciwo daga baya, su ne dai suka dawo da ni gaban uwata da ƙafafuna biyu. Ƙwaya kuma na sha. Da tiramol wasunmu ke riƙe ido a kan gadi, da shi kuma ake danne abin da aka gani da rana.

A Yulin 2020 jaridu suka ɗauki labarin sojoji 356 da suka nemi sallama, dalilin da aka rubuta wa mafi yawansu shi ne sha'awar aikin ta fita daga ransu. Ni ma a shekarar na bar aiki, kuma abin da na rubuta ke nan. Ainihin dalilina kuwa, hannuna ya fara rawa, kuma akwai daren da na kusa buɗe wa abokin gadina wuta don ya taho ta bayana bai yi gyaran murya ba. Ban faɗa wa kowa ba. Kowane soja ya san cewa in maganar ƙwaƙwalwa ta shiga fayil ɗinka, za a iya zaunar da likitoci a kanka, su rubuta cewa ba ka dace da aiki ba. Ni takarda mai tsabta nake so in fita da ita, don da ita zan nemi abinci.

Watannin farko a gida, murna ta rufe komai. Daga baya matata ta fara lura. Ba na kwanciya sai na zaga gida na taɓa kowane sakata. In na samu barci ya ɗauke ni, sai in farka jiƙe da gumi a cikin sanyin Jos, wani lokaci ina ƙarƙashin gado. Ta koyi cewa ba a tashina da hannu, daga bakin ƙofa take tsayawa ta kira sunana. Faɗa kuwa a kan abin da bai kai ya kawo ba: cokali ya faɗi, yaro ya buga ƙofa. Kasuwar Taminus na daina shiga, masallacin Juma'a sai sahun ƙarshe kusa da mafita. Da Babbar Sallah ta zo aka fara babbakar kai da ƙafa a lungu, warin ya shigo ɗaki, na yi amai har sai da cikina ya ƙulle, na kulle kaina ban fito ba sai washegari. Aka ce wa baƙi shawara ce ta kama ni.

Abin ya fito fili wata Juma'a da yamma. Ina zaune a ƙofar gida sai ga 'yar yayata, yarinya 'yar shekara 11, ta shawo kwanar lungunmu da dogon hijabi har ƙasa, hannuwanta a ciki tana rungume da wani abu. Kular dambu ce uwarta ta aiko wa Inna. Ni ban ga kula ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai dai na ji muryata tana cewa, "Tsaya nan! Ɗaga hijabin! Na ce ɗaga!" Hannuna na dama yana laluben kafaɗata inda bindiga take zama. Yarinyar ta daskare. Ta ce, "Kawu, ni ce fa." Kular ta suɓuce, dambu ya watse, kaji suka yo kansa. Mai wanki da guga na maƙwabtanmu ya tsaya da dutsen guga a hannu, masu hira a kan benci suka yi tsit. Babu wanda ya ce min uffan. Kafin Magariba labari ya zaga unguwa cewa sojan gidan su wane notinsa ya kwance.

Inna ta ce, "Wannan ba yin kansa ba ne. Dajin nan da suka zauna, Allah kaɗai ya san abin da ya taka." Wasu suka ce sammu ne, wasu a bayan idona suka ce jinin mutane ne ke bi na. Aka shiga ruƙiyya, aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, na sha habbatus sauda da zuma har na gaji. Duk wanda aka ce in je wurinsa, na je ba gardama. Amma ranar da mijin yayata, wanda ma'aikacin jinya ne, ya ce a gwada kai ni ɓangaren masu duba ƙwaƙwalwa, sai da aka riƙe ni.

Mutane kan ɗauka jahilci ne ke sa irinmu mu yarda da malam mu ƙi likita. Ni dai lissafi na yi, kuma har yau ina ganin lissafin ba na wawa ba ne. Shafar aljani ba abin kunya ba ce a garinmu. Wanda aljani ya taɓa jaje ake masa, in ya warke ya warke, ya koma cikin mutane. Kuma ba a buɗe wa aljani fayil. Amma wanda aka taɓa gani a layin asibitin ƙwaƙwalwa, ko bayan shekara 20 ya ɗaga murya a taron dangi, sai a kalli juna a ce abin ne ya motsa. Shaidarsa ta raunana, fushinsa ba shi da dalili, ko gaskiya ya faɗa ciwo ne ke magana.

A lokacin na samu aikin gadi a wani kamfani da ke hanyar Bukuru, kuma takardar sallamar nan mai tsabta ce ta sa suka ɗauke ni. Wa zai bar mai katin asibitin mahaukata a bakin ƙofarsa da dare? Ga ƙannena mata biyu ba su yi aure ba. Kowa ya san yadda binciken aure yake. Ba a tambayar ko akwai hawan jini ko ciwon suga a gida, amma ana tambayar ko akwai taɓin hankali, kuma amsa ɗaya ta isa a ji dangin miji sun yi shiru.

Sannan wane hoto muke da shi na wurin? A Kano in aka ce za a kai ka Dawanau, ka san ba kasuwar hatsi ake nufi ba. Haka Barnawa a Kaduna, haka Kware a Sakkwato, sunayen sun zama abin zolaya tun muna yara. Abin da na sani game da maganinsu shi ne abin da na gani a jikin wani maƙwabcinmu: allurar da ke sa mutum ya sandare, yana tafiya da ƙyar, yawu na zuba. Ana kuma cewa tana kashe mazakuta, ni kuwa ga amarya a ɗaki. Dokar da ƙasar nan ke aiki da ita a lokacin ma ta 1958 ce, gadon Turawa, wadda tushenta ke komawa 1916, kuma hankalinta ya fi karkata ga yadda za a tsare mutum, ba yadda za a yi masa magani ba. Wani kawuna kuma ya kawo shawarar gidan mari. Ni kuwa ina daji na ga hotunan mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa a Satumban 2019, da sarƙa a ƙafafunsu. A raina duk abu ɗaya ne: da zarar ka amsa cewa kanka ba daidai yake ba, wasu ne za su riƙa yanke hukunci a kanka, kai kuma ba ka da ta cewa.

Akwai daren da na yi tunanin in huta gaba ɗaya. Wa zan gaya wa? Addini ya haramta, kuma sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya ce wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara guda. Sai na yi alwala na zauna har asuba.

Kunya ma tana ciki. Na taɓa zuwa duba wani abokin aikina a asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Nakiya ta cire masa ƙafa daga gwiwa, amma shi ne ke ba mu dariya, yana cewa yanzu kuɗin takalminsa ya ragu da rabi. Ni da na dawo ko ƙwarzane babu, da wane baki zan ce ba ni da lafiya?

Malamin da ke min ruƙiyya mutumin kirki ne. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ce, "Ɗana, karatu ba zan fasa yi maka ba, amma ni ban ga alamar shafar aljani a tare da kai ba. Ka je asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Na yi godiya, na daina zuwa wurinsa.

Duk waɗannan dalilai ne da zan iya faɗa wa mijin yayata. Akwai wanda ban iya faɗa wa kowa ba. A 2017 Boko Haram ta tsananta ɗaura wa yara bam. Hukumar UNICEF ta ƙirga yara 83 daga Janairu zuwa Agustan shekarar kaɗai, 55 daga cikinsu mata. Ina kan shinge a bakin wani gari da ba zan ambata ba. Ƙa'ida ita ce duk mai tahowa ya tsaya daga nesa ya ɗaga riga ko hijabi. Wata safiya, gari bai gama wayewa ba, wata yarinya ta taho. Muka yi ta ihu da Hausa, wani ya yi da Barbarci, ba ta tsaya ba. Ba ni kaɗai na yi harbi ba. Ba ni aka tura dubawa ba, wanda aka tura kuwa ya dawo bai ce komai ba, ni ma ban tambaye shi ba, kuma a shekarar da ta biyo baya ya rasu. Ko akwai bam a jikinta, ko kurma ce, ko tsoro ne ya ruɗa ta, wanda ya sani ya tafi da saninsa.

To likita tambaya zai yi, kuma rubutawa zai yi. Wa zai karanta? Mu da muka ga kotun soja ta yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa a Satumban 2014, ta ƙara da wasu 54 a Disamba, kafin daga baya a mayar da shi ɗaurin shekara 10. Laifin da aka tuhume su da shi daban ne, bore ne, amma abin da ƙaramin soja ya ɗauka daga ciki shi ne ya kama bakinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban da tsoron hukuma ma, ina tsoron fuskar wanda zan gaya wa. Farar hula da bai taɓa tsayawa a shinge da asuba ba, ko dai ya ɗauke ni azzalumi, ko ya ce min ba komai, kuma duka biyun ba zan iya ɗauka ba.

Jos kanta ba ta taimaka ba. Ka ce in saki jiki, a wane gari? A Agustan 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe, kwanaki kaɗan aka kai hari Yelwa Zangam, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Matasan unguwa, har da waɗanda ke nuna ni da baki, ni suka zo nema in tsara musu gadin dare. Na raba su, na nuna musu inda ake tsayawa da inda ba a kunna tocila. A makon nan babu wanda ya ce notina ya kwance. Rashin barcina ya zama abin yabo, tsofaffi suna sa min albarka. Kuma abin mamaki, rabon da in ji daidai kamar makon nan tun ina daji. Da gari ya lafa kowa ya koma barcinsa, aka bar ni da idona biyu.

Shugaban masu gadi a wurin aikinmu wani tsohon samanja ne, Bayergame daga Langtang, garin da ya ba ƙasar nan janar-janar irin su Domkat Bali da Joshua Dogonyaro. Kirista ne, Hausarsa ta bariki, ya yi yaƙin Laberiya da na Saliyo a rundunar ECOMOG. Kofur yake kira na, ni kuma Baba Samanja. Ya lura kullum ni ke roƙon aikin dare. Wata rana da rana tsaka masu fasa dutse a bayan kamfanin suka tayar da nakiya, kafin ƙarar ta mutu ina kwance rub da ciki ƙarƙashin benci. Sauran suka fashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Kofur, tashi. Dutse suke fasawa." Ya juya ga sauran ya ce duk wanda ya sake buɗe haƙora zai yi gadin bayan gida wata guda.

Bai sake tayar da maganar ba sai bayan wasu makonni. Ya ce, "Kofur, gobe da sassafe za ka raka ni asibiti. Idona ba ya ganin rubutu." Na ce, "An gama, Baba." Soja ba ya tambayar samanja dalili. Muka hau keke har Lamingo, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Ina tsammanin ɓangaren ido za mu, sai na ga ya miƙe wani wuri kamar mai shiga gidansa, ma'aikatan jinya suna gaishe shi da sanayya. Sai da muka zauna na karanta allon. Na yunƙura zan tashi, ya ɗora min jakarsa a cinya ya ce, "Ban ce ka shiga ba. Jaka za ka riƙe min."

Na zauna ina kallon layin. Wata mata da goyo tana ba yaro nono, wani mai kwat yana amsa wayar ofis, wata ɗaliba tana bitar takardunta, wani dattijo da carbi. Ba sarƙa, ba ihu. Baba Samanja yana kallon gabansa ya ce, "Daga Laberiya na dawo da nawa. Burkutu na riƙa sha don in yi barci. Matata ta fari ta tafi. 'Ya'yana in sun ji takuna sai su ɓuya, babban har yau ba ya zama ɗaki ɗaya da ni. Sai da furfura ta fito na zo nan. Kai yaronka bai fara gudunka ba tukuna." Aka kira shi ya shiga. Ranar ban ga kowa ba, kuma a hanyar dawowa ban yi masa magana ba. Amma da ranarsa ta sake zagayowa, ni na tuna masa.

Likitar da aka haɗa ni da ita mace ce, ba ta girme ni ba. Na zauna ina kallon ƙofa, na ce, "Likita, kin taɓa jin ƙarar bam?" Ta ajiye biro ta ce ranar 20 ga Mayun 2014, da bama-bamai biyu suka tashi a Taminus suka kashe mutum aƙalla 118, tana ɗaliba, kuma tana cikin waɗanda suka karɓi waɗanda aka kwaso. "Amma ban je yaƙi ba," in ji ta, "ba zan ce na san abin da ka gani ba. In ka ga dama ka gaya min, in ba ka ga dama ba mu fara da barci." Na tambaye ta wa ke karanta fayil. Ta ce ba wurin aikina, ba gidan soja, ba iyalina, sai da izinina. Sai dai in ta ga zan cutar da kaina ko wani, ko kotu ta ba da umarni. Wannan "sai dai" ɗin ne ya sa na fara yarda da ita. Da ta ce min babu mai gani ko ana ha-maza-ha-mata, da na san daɗin baki take min.

Ta ce abin da ke damuna ana ce masa PTSD, ciwon da firgici mai tsanani ke bari a jikin mutum. Likitocin Amurka sun shigar da shi littafinsu a 1980 bayan yaƙin Biyetnam, ko da yake sojoji sun sha fama da shi tun kafin nan. Alamominsa su ne abin ya riƙa dawo maka a mafarki ko ido biyu, ka riƙa gudun duk abin da ke tuna maka, ka zauna kullum cikin shiri da saurin firgita, zuciyarka kuma ta cika da zargin kai, har abin ya wuce wata guda yana hana ka rayuwa. Ba sojoji kaɗai ba, ta ce akwai matan da rikicin gari ya bar su da shi, akwai waɗanda suka tsira daga haɗarin mota. Na ce mata ni ba ciwo gare ni ba, horo ne, kuma shi ya cece ni. Ba ta musa ba. Ta ce ƙwaƙwalwata kamar sojan da aka ajiye a kan gadi ne aka manta ba a zo an canje shi ba, aikinsa yake yi tsakani da Allah, sai dai rundunar ta daɗe da tashi daga wurin. Ba korarsa za a yi ba, so ake ya san lokacin aiki da lokacin hutu.

Maganin ba allura ba ce, 'yar ƙwaya ce guda da safe, kuma sai da ta yi makonni kafin in ji wani bambanci. Da farko ta sa ni tashin zuciya. Maganar da ake yi kan sha'awa kuma ba ƙarya ce duka ba, ta ragu, na cije na faɗa wa likita, ta gyara min adadin. Barin tiramol ya fi komai wuya, gumi da ciwon gaɓoɓi da hamma ba iyaka, a hankali aka riƙa rage min shi. Sannan aka haɗa ni da masanin halayyar ɗan Adam, muna zama muna bin abin da ya faru daki-daki, yana ba ni aikin gida: yau ka tsaya bakin Taminus minti kaɗan, gobe ka shiga layi ɗaya ka fito. Wanda duk ya ce maka daɗi ake ji ƙarya yake. Mafarkan ƙaruwa suka yi da farko, har na ɗauke ƙafa, sai da Baba Samanja ya zo har Gangare ya tsaya a ƙofar gida ya ce a kira masa Kofur.

Maganar yarinyar ta daɗe kafin ta fito. Da ta fito, mutumin bai wanke ni ba, bai kuma tuhume ni ba. Tambayata ya riƙa yi: nisan nawa ne, me na sani a daƙiƙar nan, me na sani sai daga baya, mutum nawa ke bayana a shingen. Abin da ya rage, wanda ba na asibiti ba ne, na kai wa malamin nan da na guje wa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in yawaita istigfari da sadaka, in yi mata addu'a, hukunci kuma na wanda ya san abin da ke cikin zukata ne. Yanzu ina zuwa wurin su biyun, kuma babu wanda ya taɓa ce min in bar ɗayan.

A Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu wannan ciwo ta sojoji a Abuja, Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta ya yi shekaru yana fama da shi bayan yaƙin basasa da tsarewar wata 40 da aka yi masa. A zaurenmu na WhatsApp na waɗanda muka fita Defo tare, aka yi ta cece-ku-ce. Mafi yawa cewa suka yi ta tona wa mijinta asiri, mace ba ta yin haka. A cikin masu zafin nan akwai waɗanda na san ƙarfe uku na dare ma suna kan waya. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Abu ne mai kyau, amma likitocin wannan fanni a ƙasar mutum fiye da miliyan 200 ba su kai 300 ba, kuma wasu ficewa waje suke yi. In da duk mu da muka dawo daga daji za mu yarda rana ɗaya, ban san inda za a zaunar da mu ba. Kuɗin magani da na keke zuwa Lamingo kuma daga albashin gadi suke fita.

Yanzu ina barci, ba kullum ba, amma ina yi. Sallar da ta wuce ni na riƙe wa ƙanena ƙafar rago, ko da yake da aka zo babbaka na zame na tafi ziyara. 'Yar yayata ta koma shigowa gidanmu, sai dai har yanzu daga nesa take sallama, hannuwanta a waje.

Akwai wani abokina da muka yi Borno tare, yana gadi a wani rukunin gidaje a Abuja, yana kwana a Mararaba. Matarsa ta koma gidansu. Da ya zo Jos na gwada masa dabarar Baba Samanja, na ce ya raka ni asibiti. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Kai ma sun kama ka ke nan?" Bai je ba. Da dare ya kira ni yana tambayar sunan ƙwayar da nake sha, wai zai saya a kemis. Na ce ba haka ake yi ba, sai an duba shi, musamman da yake yana shan wasu abubuwan. Ya ce to a bar maganar. Mukan yi waya, ban fasa tayar masa da ita ba, shi ma bai fasa kaucewa ba.

Ba na kuma iya yi masa faɗa da ƙarfi, don ni ma ban gama fita daga lissafin ba. Katin asibitina a gidan Baba Samanja yake kwana. A wurin aiki shi kaɗai ya sani. In ranar zuwana ta yi, Inna takan ce wa maƙwabta na tafi ganin likitan olsa, ni kuma ban taɓa hana ta ba. Ƙanwata ɗaya ta yi aure, ta ƙarshen an sa ranarta bayan Sallah, kuma har a shafa fatihar nan, olsa ce ke damuna.